Soket ɗin Baba Lamela

Ranar da Anti Rifkatu ta turo min littafin ayti ɗina ba sa hannu, har yau ba ta fita a kaina ba, kuma ban ga alamar za ta fita ba. Laraba ce, tsakiyar damina, ina wata na huɗu a ofis. Tunda ku sababbin zuwa kun dame ni a guruf da tambayar me ya sa ake ce min Danja, kuma wane ne tsohon nan da sunansa ke cikin jerin godiya na manhajarmu, bari in zuba muku gaba ɗaya kowa ya huta. Da waya nake rubutawa, in kun ga kuskure laifin babban yatsa ne.

Ofishin nan namu na Nasarawo, lokacin mu uku ne kacal a ciki. Anti Rifkatu ce oga, kuma ita kaɗai ce a cikinmu manyan manhajar suka ba izinin shigar da gyara kai tsaye. Sai Hamma Buba, shekararsa uku a wurin, shi ke yawon asibitoci a kan babur yana saka manhaja yana duba injuna, wato kwamfutocin da take aiki a kansu. Sai ni, Zainab, 'yar aji uku, an turo ni wata shida in koyi aiki, abin da muke ce wa ayti. Makaranta ta haɗo ni da littafi, kowane mako sai oga ta sa hannu. In shafi ya tafi ba sa hannu, malamin da zai zo dubawa ba ruwansa da dogon bayani, maimaita aytin kawai za ka yi baɗi, 'yan ajinku su wuce su bar ka.

Ga waɗanda ba su gama gane harkar ba: manhajar ajiye katin marasa lafiya ce, ta ƙananan asibitoci. Buɗaɗɗiya ce, wato kowa a duniya zai iya karanta yadda aka rubuta ta, ya ga matsala ya gyara ya turo. Gyaran da aka turo faci muke ce masa. Duk facin da ya shiga, akwai na'urar da ke haɗa manhajar daga farko ta gwada. In ta haɗu lafiya, fitila ta nuna kore. In wani abu ya karye, ta nuna ja, kuma muddin ja ce ba wanda zai iya shigar da nasa aikin, daga Gombe har ƙasashen da ban san inda suke a taswira ba.

Satina na farko na kunna musu ja. Na tura faci na manta fayil ɗaya a laftof ɗina. Anti tana sauri za ta ɗauko yara a makaranta, ta shigar ba ta tsaya jira ba. Daga azahar har washegari da safe mutane a ƙasa wajen biyar suna tambayar wace ce wannan. Hamma Buba ya shigo ya kalli allo ya kalle ni, ya ce, "Sannu, Danja." Shi ke nan suna ya zauna. Kuma tun ranar Anti ba ta sake yarda da wani abu nawa ba sai ta karanta sau biyu.

To a wata na huɗu na yi aikin da nake ji da shi. Allon da ke nuna layin masu jira, na mai da shi Hausa, na ƙara girman rubutu yadda tsohuwa za ta hango lambarta daga benci. Manya suka duba suka karɓa, fitila kore shar. Ranar na yi rawa a ofis, ba zan ɓoye ba. Ranar Juma'a muka je muka saka sabon zubin manhajar a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Barunde. A bakin ƙofa har na ga masu sola suna ta hawa rufi da faifayensu, na ce musu sannu da aiki na wuce. Hankalina duk yana kan allona.

Kwana biyar, ranar Laraba da safe, inji ya sandare. Ranar awon ciki ce, mata cike da benci tun bakwai, ba a iya ciro katin kowa. Likitan ya kira Anti, ina jin muryarsa daga inda nake zaune. Hamma Buba ya garzaya ya kashe ya kunna, komai ya dawo daidai. Da ya dawo ya ce memori ne ya cika taf.

Wannan shi ake ce wa yoyon memori. Ku ɗauka mai abinci ce da faranti ɗari. Kowa ya ci ya mayar, a wanke a ba wani, za ta wuni tana sayarwa. Amma in akwai wani kwastoma da kullum yake tafiya da farantin, ba za a gane da wuri ba, sai ranar da za ta miƙa hannu ta ji babu ko ɗaya. Haka manhaja take da memorin inji. Ta ara, ta yi aiki, ta mayar. In wani layi a ciki yana ara ba ya mayarwa, wata rana inji zai tsaya cak.

Anti ta kira ni gaban teburinta. Ba ta ɗaga murya, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Shekara huɗu manhajar nan tana aiki a asibitin nan, ba ta taɓa yin haka ba. Me ya canja ranar Juma'a?"

Na ce, "Facina, Anti."

"To. Na ba ki zuwa Juma'ar sama. Ki nemo inda yake yoyo. In ba ki samu ba zan cire shi, in rubuta wa manya cewa daga wurinmu matsalar ta fito." Ta turo littafin da ɗan yatsa ɗaya. "Wannan kuma ba zan sa hannu a kan aikin da ban tabbatar ba."

Na karanta facin nan har na haddace shi. Layi ɗari da 'yan kai ne, ba wani abin kirki ba. Ban ga inda na ari abu ban mayar ba. Na gwada a laftof ɗina ya fi sau talatin, lafiya lau. Goggona da nake zaune a gidanta a Shamaki har ta tambaye ni ko saurayi ne ya yi min wulaƙanci, don tuwo ma tsakura nake.

Sai na canja dabara. Daga ofis muna iya leƙa injin asibitin ta intanet, na ce bari in zuba masa ido in ga memorin yana hawa, in kama shi a lokacin da ya kusa cika. Alhamis yana hawa a hankali. Juma'a da safe ya kai rabi. Wajen sha ɗaya na duba, ya koma ƙasa kamar ba a taɓa yi ba. Wani ya kashe injin ya kunna. Litinin haka, ya hau, ya hau, ƙarfe ɗaya da rabi ya sake faɗowa. Duk lokacin da na kusa ganin abin da nake nema, sai a share min sawu.

Nan fa kaina ya fara lissafi. Juma'a da sha ɗaya, wa ya fita ya ce zai je a duba masa birki? Hamma Buba. Litinin ɗaya da rabi, wa ya ce zai je cin abinci ya yi awa guda? Shi. Wa ke da lambar sirrin injin? Shi. Kuma na tuna an ce min bara ya taɓa tura nasa facin na allon layi, manya suka ce bai yi ba, ga shi 'yar ayti ta zo nata ya wuce. Na ce a raina, gayen nan wani abu ya dasa a injin don a ce ni ce, yanzu yana zuwa yana goge shaida. Daga nan ko ruwa ya miƙo min sai na kalli kofin. In ya tsaya bayana sai in rufe laftof. In ya yi dariya da Anti sai in ce da ni suke.

Ranar Laraba, saura kwana biyu, ya miƙe ya ce zai je ya dawo. Yana tayar da babur na sauko na tare keke napep.

"Malam, ka ga mai jar hular kwanon can? Bi shi, amma kar ka matsa kusa."

Mai keke ya kalle ni ta madubi. "Hajiya, maigida ne?"

"Yayana ne. Tuƙa kawai."

"Duk haka kuke cewa," in ji shi, ya ja.

Kai tsaye Barunde. Hamma Buba ya ajiye babur a bayan asibitin, ya shiga ta ƙofar baya. Na laɓe gefen tankin ruwa kamar wata 'yar sandan ciki, ga yayyafi yana jiƙa min mayafi. Minti biyar ya fito ya tafi. Na duba waya, memori ya koma ƙasa. Na ce a raina yau na kama ka.

Na shiga ɗakin kati, inda injin yake. Nan na tarar da Baba Lamela, mai kula da katuna. Tsoho ne dogo, farar riga mai gajeren hannu a goge, biro uku a aljihu. Ya yi ritaya daga aikin gwamnati tuntuni, likitan ya ɗauko shi saboda ba ya ɓatar da takarda. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya sauke tabarau. "Ke ce yarinyar da aka ce ta lalata mana inji?"

Ashe har nan labarina ya iso. Na ce, "Ni ce, Baba. Wanda ya fita yanzu, me ya yi a nan?"

"Ya kashe ya kunna. Ya ce kar in gaya wa kowa. To ke kin gan shi da idonki, ba ni na faɗa ba."

"Bai sa wani abu a jiki ba? Ko ɗan filashi?"

"Ni ban gani ba. Abin da na sani, aikina yake yi min, kuma ba ya yi a kan lokaci." Ya nuna bango da biro. "Dubi abin da suka liƙa min."

A saman soket an manna takarda da salatif, da rubutun likita: Kada a kashe.

Baba ya gyara zama, da gani ya daɗe yana neman wanda zai saurare shi. Ya ce shi ya fara aiki yana ƙaramin akawu a zamanin da kuɗin mai ya fara shigowa, lokacin da gwamnati ke sauke kaya a ofisoshi kwali-kwali. Aka kawo musu tafireta mai aiki da lantarki, sabuwa fil, aka ce shi zai riƙe ta. Wata Juma'a ya tashi ya manta ta a kunne. Litinin da ya buɗe ƙofa sai ƙauri. Babban akawu ya tsayar da shi gaban kowa, ya ba shi takardar tuhuma ta farko kuma ta ƙarshe a rayuwarsa.

"Tun daga ranar, 'yata, ƙarfe huɗu ta yi, duk abin da ke da wutsiya a bango sai na kashe shi na lulluɓe da ƙyalle. Inji ma yana son barci."

Na ce, "Baba, wannan injin ma kuna kashe shi?"

"Tun ran da aka kawo shi. Kullum. Ranar da ban riga na kashe ba, masu wuta sun kashe min."

"Yaushe kuka daina?"

"Da aka sa solar nan. Likita ya ce yanzu wuta ba ta yankewa, a bar shi, masu aikin kwana suna son duba kati. Na ce masa ba kyau, ya ce zamani ya wuce nan."

Na zauna a kan kwalin katuna ban ma nemi izini ba. Na buɗe tarihin injin a waya. Duk kwanakin nan daga ranar da facina ya shiga nake dubawa zuwa ƙasa, ban taɓa jan shafin sama ba, don na riga na yarda daga nan matsala ta fara. Na ja sama. Kashewa ƙarfe huɗu, kashewa ƙarfe huɗu, kashewa ƙarfe huɗu, har yatsana ya gaji. Shekara huɗu injin nan bai taɓa kwana a kunne ba. Kullum Baba yana mayar wa mai abinci farantanta kafin a gane ana sacewa.

Amma hasashe ne, ba shaida ba. Dole sai na gwada tsohon zubin, wanda ba facina a ciki. Akwai wani inji irin na asibitin a ajiye a sito, makullin kuwa yana hannun Hamma Buba. Alhamis da safe Anti ta fita taro, na tsaya a kansa.

"Hamma, jiya birki ka je dubawa a Barunde?"

Ya ajiye kofin shayi. "Bin diddigina kike yi?"

"Ina tattara shaida kana gogewa. Me ka sa a injin?"

Ya kalle ni, sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. "Danja, ke fa ba ki da kirki. In ya sake sandarewa ran awo, kina jin Anti za ta jira Juma'a? A ranar za ta cire facin ta rufe littafinki. Man babur ɗina nake ƙonawa ina saya miki lokaci."

"Wato kai ma ka yarda ni ce."

"Kowa ya yarda ke ce. Ke ba ki yarda ba?"

Kunya ta rufe ni, amma ba lokacinta ba ne. Na ba shi labarin soket. Dariyar ta ɗauke. Ya miƙe ya ɗauko makulli.

Ba mu da kwana biyar na jira, saboda haka na rubuta ɗan umarni da zai riƙa yin abin da ma'aikacin kati yake yi, buɗe kati, buga takardar lamba, rufe, amma da gudu ba tsayawa. Muka saka tsohon zubin, muka saki. Muna zaune muna cin gyaɗa muna kallon layin memori yana hawa kamar mai hawa bene. Kafin la'asar inji ya sandare, ba ko harafi ɗaya nawa a cikinsa. Na yi tsalle na buga kai da fanka, Allah ya sa a kashe take.

Muka riƙa cire ayyukan ɗaya-ɗaya. Buɗe kati kaɗai, lafiya. Da an buga 'yar takardar lambar nan da ake ba mara lafiya ya riƙe, sai memori ya ɗan ɗaga bai sauko ba. Ɓangaren da ke zana lambar ya aika wa ƙaramar firinta, shi ke ara ba ya mayarwa. Layi biyu suka rasa. Kuma a manhaja irin wannan, kowane layi yana ɗauke da sunan wanda ya rubuta shi. Hamma Buba ya danna ya duba. Ya janye hannunsa a hankali.

Sunan Anti Rifkatu ne. Ita ta rubuta ɓangaren shekara huɗu baya, saboda irin firintar da asibitocinmu ke iya saya. Shi ya sa mutanen waje ba su taɓa gani ba, ba sa amfani da shi. Mu da ke amfani da shi kuwa, ko a ɗauke mana wuta, ko a samu wani Baba ya kashe.

Hamma ya ce, "Mu gyara shiru mu ce mun samu, ba sai an ce na waye ba."

Na so in yarda. Amma in ban faɗi inda yake ba, a idon kowa facina ne dai.

Juma'a da safe na ajiye laftof a gaban Anti. Na nuna mata tarihin kashewa, na nuna gwajin, na nuna layukan. Ban ambaci suna ba, allo ya ambata. Ta karanta sau biyu, kamar yadda take yi wa nawa. Ta sake kunna gwajin da kanta ta jira.

Ta ce, "Na tambaye ki me ya canja ranar Juma'a, kika ce facinki, ni kuma na karɓa don shi nake son ji." Ta juyo da laftof ɗin wajena. "Rubuta rahoton. Ki sa yadda yake, da sunana. Facin gyaran kuma ke za ki tura."

"Anti, kowa fa zai gani."

"Don a gani aka buɗe ta. Kawo littafin."

Ta sa hannu a shafi biyu, na makon da ya wuce da na wannan. Sannan ta kalli Hamma Buba ta ce lokaci na gaba da zai taimaki wani a ɓoye, ya tuna ya ɓoye mata ciwo ne, ba magani ya yi ba. Ya ce to. Ni kuma na saya masa tsire, na ba shi haƙurin kallon kofinsa da na riƙa yi.

Faci ya shiga, fitila kore. Injin Barunde ya yi sati shida a kunne ba ko tari.

Abin da na ɗauka daga wannan, ku ma ku riƙe. In abu ya lalace, kowa zai kalli wanda ya taɓa shi na ƙarshe, musamman in ya taɓa yin laifi, har shi kansa zai kalli kansa. Ku ja shafin sama. Ku tambayi me kuma ya canja wanda ba a rubuce yake ba. Kuma kafin ku wuni kuna zargin na kusa da ku, ku je ku gaishe da mutumin da ke zaune kusa da injin, don ya san abin da allo bai sani ba.

A rahoton na rubuta godiya ga Baba Lamela. Ɗaya daga cikin manyan, wani bawan Allah a can wata ƙasa, ya sa sunan a jerin godiya, sannan ya tambaya wane ɓangaren manhajar Baba yake kula da shi, don bai ga facinsa ko ɗaya ba. Anti ta amsa masa da kalma ɗaya: soket.

Da na je na karanta wa Baba, ya saurara har ƙarshe, ya gyara biro a aljihu. Ya ce, "Madalla. To yanzu a cire min takardar nan."